Bayani a Kan Asalin "Helo" da 'Yan Uwanta

Ya kai mai neman ilimi, ka sani cewa "helo" ba ta zauna da gindinta a ƙasar Yako ba sai bayan shekarar 2001, da wayar salula ta shigo Nijeriya. Amma tsohuwa ce a gidansu. A 1877 Thomas Edison na Amurka ya ba da shawarar a riƙa buɗe magana da ita a tarho, alhali Graham Bell, wanda ya yi rajistar tarhon a 1876, "ahoi" ya so, wato kiran da matuƙa jirgin ruwa ke yi wa juna. Allah ya rufa mana asiri Bell bai yi nasara ba. Da yanzu bakin Bahaushe ya mayar da ita "ahayye", dattijo mai furfura ya ɗaga waya a kasuwa ya rangaɗa ta a gaban surukansa.

Turawa na ɗaukar helo a matsayin gaisuwa. Wannan kuskure ne, domin ba ta tambayi kwana ba, balle gajiya, balle iyali da damina. Aikinta na gaskiya awon sabis ne. Helo ɗaya, mai kiran yana Kwanar Dangora. In ya jero uku yana ɗaga murya, ya wuce Tudun Wada. In kuwa ka ji "hel" sannan shiru, to ya shiga dajin Falgore, sai addu'a. Bayan an tabbatar ana jin juna ne ake yin sallama, a fara gaisuwa ta haƙiƙa, wadda kan cinye katin kafin a zo kan maganar bashin taki.

"Oke" kuwa wasu 'yan jarida ne a Boston suka ɓata rubutun "ol kwarek" da gangan a 1839, don raha. A nan dai "to" ce da ta yi boko.

Sai "gudbai". Asalinta addu'a ce: Allah ya kasance tare da kai. Turawa suka yi ta gutsure ta saboda sauri har ta koma "bai", yara suka ninka ta. Ga shi kuma a Hausa baibai ake ce wa rigar da aka sa a juye. Saboda haka duk wanda ya raka baƙo tasha ya ce masa "baibai", hukuncinsa ya koma ya ce "Allah ya kiyaye hanya, a gaida gida".