Jinjina ga Sashe na 19

Allah Ya saka wa wanda ya rubuta sashe na 19 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 da alheri. Sashen ya ce wanda ake zargi da laifi, in ɗan sanda ya tambaye shi suna da mazauni ya noƙe, ko ya shara ƙarya, to a kama shi har a san ko ɗan wane ne. Mu mutanen Sabon Birni da Isa mun gode, don kowa ya san babu abin da ke hana mu barci sai rashin sanin sunayen mutane.

Je ka shinge ranar kasuwa ka ga aiki. Ganga biyu, tsohuwar taya, katako mai ƙusoshi. An sauko da wani dattijo daga bayan a-kori-kura, rungume da ɗan ƙunshin gero.

"Baba, ina katinka?"

"Ya ƙone tare da ɗakina, yallaɓai."

"A ina kake zaune?"

Sai ya ambaci ƙauyen da yau ko kaza ba ta kwana a cikinsa. To ka ji mai ba hukuma adireshin ƙarya! Laifin da ake zarginsa da shi kuwa, a hankali za a samo. Gaskiya ne ga tsagar Gobirawa raɗau daga baki har kunne, katin da wanzami ya buga masa tun yana zanen goyo, amma ai wanzami ba ma'aikacin NIMC ba ne. Ya zauna gindin dogon yaro tukuna. Alhamdu lillahi binciken namu ba ya daɗewa: da ɗan na goro ya fito daga aljihu, nan take sai a tuna ashe an san Baba.

Masu ƙorafi su dubi Bello Turji su koyi bin doka. Bawan Allahn nan bai taɓa ɓoye sunansa ba. Fuska a buɗe yake fitowa a bidiyo, ya yi magana dalla-dalla, ƙauyukan da ke kai masa haraji kuma sun san hanyar. A Nuwamban 2022 hedikwatar tsaro ta sa shi cikin mutum 19 da take nema, da ladar naira miliyan 5 a kan kowanne. Wanda aka san sunansa har da kuɗinsa, me ya rage a tsayar da shi a tambaya? Yaransa ma ba sa wahalar da ma'aikata, ta daji suke bi, uku-uku a kan babur.

Masu taurin kai su ne fasinjojin motar da aka cinna wa wuta kusa da Gidan Bawa a Disamban 2021. Aka zo aka tsaya a kansu, da yawa ko fuska sun ƙi nunawa, balle suna.

Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, bai yi wannan gardama ba. A Agustan 2024 duniya ta gan shi a bidiyo, a ɗaure, jini a rigarsa, yana roƙon gwamnati ta cece shi. Babu wanda ya nemi katinsa. Daga Sakkwato har Abuja an gane shi sarai, aiki ya yi kyau. Bayan 'yan kwanaki aka yi masa salla a Sabon Birni babu gawa.