Wankan Hunturu a Unguwar Boro

Da Disamba ta kama, mutanen Unguwar Boro sukan kasu gida biyu: masu wanka da masu cewa sun yi. Maƙwabcina na cikin na biyu. Da asuba yakan shiga banɗaki da bokiti, ya yi ta sheƙa wa bango ruwa, ya fito yana karkarwa. Rannan matarsa ta dubi ƙafarsa furu-furu ta ce, "Maigida, sannu da ƙoƙari, bango dai ya fita fes."

Ni kuwa gwanjo na nufa a Sabon Tasha, na sayo jibgegiyar rigar da aka ɗinka don ƙanƙarar Kanada. Ƙarfe sha ɗaya rana ta buɗe, ina cikin Keke Napep ina haɗa gumi. Ba damar tuɓewa, yagaggiyar singileti ce kawai a ciki.