Kun Duba Haƙoran Raƙumi, Kun Ƙyale Harsashin Gida

Mutanen Gumel da Maigatari, ku sassauta hararar nan. Cewa kawai na yi, kafin mutum ya biya kuɗin gida ya nemo injiniya ya duba masa shi. Tuni na jiyo tsakin wani Alhaji daga Sule Tankarkar: "Yanzu gida ma sai an kira masa likita? Idona lafiya lau."

Mun san lafiyar idon nan, ranka ya daɗe. Ba kai ne ranar Alhamis a kasuwar Maigatari kake cinye hantsi a kan raƙumi guda ba? Ka buɗe masa baki ka duba haƙora, ka shafa tozo, ka sa a durƙusar da shi a tashe shi, ka kira Buzu ya duba maka ƙafafu, sannan ka ce sai ka yi shawara. Amma gidan da za ka zuba iyalinka, dillali ya zagaya da kai bayan magariba da fitilar waya, ka ga sabon fenti yana ƙyalli, ka taya, aka sallama.

"Ai dillalin ɗan'uwa ne." Madalla. Sai dai la'adar ɗan'uwan ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa. "To muna da magini." Shi ma Allah ya yi masa albarka, amma idan shi ya toshe tsagar shekaranjiya da siminti, kana jin zai nuna maka wurin?

Abin da injiniya yake gani ba sihiri ba ne. Tsaga iri-iri ce: akwai 'yar siririya ta filasta wadda ba ta da illa, akwai wadda ta taso daga kusurwar taga tana hawa a karkace tana bin layin bulo, ita ce ke cewa harsashi ya zauna. Ƙasarmu kuwa rairayi ce, indararo ya shekara uku yana zuba a gindin bango, ya isa ya rarake ƙarƙashinsa. Zai murza bulo da yatsa, in ya marmashe an yi wa siminti rowa. Zai leƙa cikin silin, inda kai babbar riga ba za ta bar ka ka hau ba, ya tarar gara ta gama da katako, jemagu sun kafa gari. Zai duba wayoyin wuta, ya auna tazarar masai da rijiya.

Kuma a bazara kowane gida a Gagarawa lafiyayye ne. Agusta ke tona asiri. Wanda ya ga yadda gidaje suka riƙa zubewa a Jigawa a daminar 2022 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ku ma masu kama sito kusa da yankin ciniki maras haraji na Maigatari don ajiye riɗi da zoɓo, da ku nake: yoyon kwano guda ya isa ya sa zoɓon ya yi fumfuna kafin mai saye ya iso.

Malam na can yana gyaran murya, wai ai shari'a ta ba mai saye damar mayar da kaya in aibin da aka ɓoye ya bayyana. Gaskiya ne, Allah ya gafarta malam. Amma kafin a gama zaman kotu, wanda ya sayar da gidan ya ƙara aure da kuɗin.

Alhaji, ka nemi injiniyan da yake da rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya, ya ba ka rahoto a rubuce da hatiminsa, takardar fili kuma a tantance ta a Dutse. Ka biya shi ladansa da hannunka, kada ka bari mai sayarwa ya biya.