Sanda Biyu, Tafiya Babu

A Yelwa, in kana neman gaba da magidanci ɗan shekara hamsin, ka ba shi shawarar ya riƙa dogara sanda saboda gwiwa. "Ni ne tsoho? Ko makaho ka gan ni?" Gara ya yi ta ɗingishi zuwa masallaci da a ce ƙarfinsa ya ƙare, balle in yana neman ƙarin aure. To, yau ga mutumin nan da sanda har biyu, don kawai an ce masa daga Turai suka fito.

Sandunan tattaki ake ce musu. Yawancinsu na alminiyam ne, ana zuge su a mayar kamar eriyar rediyo. Masu hawan duwatsu da kaya a baya sun san amfaninsu, don suna rage wa gwiwa nauyi wajen gangara. Mutanen Finland ma tun wajen 1997 suka mai da tafiya da su wani motsa jiki mai zaman kansa. Kuma abin da ƙa'idarsa. Ka daidaita tsawon yadda in ka kafa sandar, damtsenka zai tsaya, hannunka ya miƙe gaba sosai. Za ka hau tudu, ka rage tsawo. Za ka gangara, ka ƙara. Hannu ta ƙarƙashin maɗaurin yake shiga. Robar bakin ta kwalta ce, ɗan faifan da ke sama da tsinin kuwa shi ke hana ta nutsewa a laka.

Alhajinmu bai ji ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma bai tambaya ba. Da hantsi direba zai kai shi bakin ruwa cikin sanyin mota. Ya fito da shadda mai sitaci, da kambas sabo fil, sanda ɗaya ta kai masa ƙirji, ɗaya da ƙyar ta wuce ƙugu. "Kai yaro, ɗauke ni. Ka tabbata sunan Leki da ke jikin sandar ya fito." Ya taka daga mota zuwa wurin mai soya kifi, ya zauna yana haki, ya sa a kawo masa na dubu biyar da yaji. Kafin ya wanke hannu hoton ya hau Facebook: "Alhamdulillahi, an kammala tattakin yau." Yaron ne zai riƙo sandunan a komo.

Abin takaicin, a gabansa Bafillace zai wuce, ya taso da shanu daga ƙasar Shanga ya nufi Ngaski, gorarsa guda a gicciye bisa kafaɗa. Da ita yake gwada zurfin ruwa, da ita yake juya garke, da ita yake sallamar maciji, kuma bai taɓa ɗaukar ta hoto ba. Ga Gungawa, waɗanda ruwan madatsar Kainji ya taso daga tsibiransu a 1968, suna tura kwalekwale maƙil da albasa da gwangwala ɗaya tak. Duk waɗannan a wurin Alhaji ƙauyanci ne.

Mu dai ba ma tafiyar ƙasa sai da dalili mai maiƙo. Ku tuna 2015, da wani matashi ya tako daga Legas zuwa Abuja don taya Buhari murna: nan da nan kowa ya zama ɗan tattaki, kowa da gidan gwamnatin da ya nufa. Amma a aiki ɗanka sayen gishiri a bakin layi, sai ya tsaya jiran kuɗin acaba.

Ranka ya daɗe Alhaji, in gwiwa na damunka, riƙi sandarka ba kunya, ta Turai ko kwagirin kasuwar Yelwa. Sai dai gobe da asuba ka ba direba hutu, ka taka zuwa bakin ruwan da ƙafarka.