Zuwa ga Bawana Bazazzagi, Mai Hana Hausa Shiga Aji

Gaisuwa irin ta ubangida da bawansa. Ina fata ka tashi lafiya, ka sha fatenka, ka kuma goge tabaran nan da kake ɗorawa a kan hanci don a san ka ratsa ta Samaru.

Labari ya iso mini cewa kai ne ka kafe a zauren karatun nan na WhatsApp da samarin Rano da Kibiya suka buɗe don koyon kwamfuta da kasuwancin waya. Wai da aka kawo shawarar a riƙa ba da darasi da Hausa, a kuma ware wani da Fulatanci, sai ka miƙe ka ce sam, ilimin zamani ba ya jin kowane yare sai Turanci. To, Malam, mun ɗauko ka ne ka koyar da yaranmu, ba mu ɗauko ka ka zama Razdan ba. Tun zamanin Bawo aka raba aiki: Kano da Rano sarakunan baba, Zazzau kuwa kai ma ka san abin da aka ba ta, ba sai na tona a jarida ba. Autan Bawo na nan a Rano, kuma auta ba ya karɓar umarni daga bawan gida.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, da Bakatsine ne ya faɗi wannan magana da na yi masa uzuri. Amma kai? A garinku aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A Zariya Abubakar Imam ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, shi da Rupert East kuma suka fitar da Ikon Allah, littafin da ya yi bayanin halittu da kimiyya da Hausa tsantsa. Daga Tudun Wadar Zariya littattafan Yaƙi da Jahilci suka bazu har ƙauyukanmu, dattawa suka koyi karatu da lissafi ba tare da sun san ko kalma ɗaya ta Ingilishi ba. Kakanninka sun ci abinci da buga Hausa, jikansu ya zo Rano yana cewa ba ta iya ɗaukar darasin kwamfuta. Ko da yake na tuna, shi kansa Imam ɗin aro kuka yi daga Kagara.

Na san hujjarka, don ka maimaita ta har mun haddace. Ka ce jarrabawar WAEC da JAMB da Turanci ake yi, yawancin abin da ke rubuce a fuskar kwamfuta Turanci ne, kuma shirin koyar da fasaha na 3MTT da Minista Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 ba ya jiran wanda bai ji Turanci ba. Ka ƙara da cewa ita kanta gwamnatin tarayya, wadda a 2022 zamanin Adamu Adamu ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, ta janye a Nuwamban 2025 ta bakin Tunji Alausa. Duk gaskiya ne, bawa ma yakan faɗi gaskiya in ya ƙoshi. Sai dai ina so ka nuna mini littattafai da malaman da aka tanada wa waccan manufa a firamaren Lausu ko ta Tarai kafin a ce ta gaza. Ba a shuka ba, an ce gona ta ƙi.

Kuma mu ba jarrabawa muka tara mutane su rubuta ba. Duba su wa ke cikin zauren. Akwai mai POS a tashar Rano, wanda ke so ya gane saƙon cirar kuɗi na bogi kafin a wanke shi. Akwai matar aure a Rurum da ke sayar da atamfa da turaren wuta ta waya. Takan jingina wayar da tulu, ta kunna saƙon murya tana tuƙa tuwo, in ba ta gane ba ta mayar da shi baya da gefen yatsa don hannun duk gari ne. Akwai gardi a Kibiya da ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami kamar zane, yana gyaran waya a kasuwa, amma boko bai wuce haɗa baƙi ba. Ka aika musu da bidiyon minti arba'in da Turancinka na ta hanci, datar ɗari biyar ta ƙone, kowa ya turo maka “yas sa”, kai kuma ka kwanta da murna wai aji ya fahimta. Washegari ka ba da aiki, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Yi haƙuri, karin maganar ce ta zo da haka.

Duniyar da kake tsoron ta bar mu a baya ma ta riga ka sauka daga wannan doki. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun 2013, ya ƙara Fulatanci da Barbarci a 2024. Dandalin Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe a 2022, da Turanci da Hausa da Yarbanci da Ibo ya fito. Mutanen Amurka sun yarda Hausa ta shiga kwamfuta, saura kai mutumin Tudun Jukun.

Inda na ba ka gaskiya shi ne wahala. Darasi ɗaya a harshe uku aiki uku ne, malaman kuma sa kai suke yi, ba mai biyan su ko kuɗin data. In aka tsaga zauren gida uku, wani gidan zai mutu cikin wata guda. Don haka ga hukuncin ubangidanka. Zaure ya zauna ɗaya. Bayani ya zama da Hausa, a gajerun saƙonnin murya da ƙaramar waya za ta iya saukewa. Sunayen maɓallai a bar su yadda suke a fuskar na'ura, don kada yaro ya je neman abin da ba zai gani ba. Cikin 'yan rugagen da ke zauren a samu wanda zai taƙaita darasin mako da Fulatanci saboda iyaye mata. Turanci kuma a ba shi ranarsa guda a mako, a koye shi da gaske, tunda ana bukatarsa wajen neman aiki da cike takardu.

Wannan ajin na Turanci kai na naɗa a kansa, ka je can ka yi ta zuba Ingilishinka. Na Hausa kuwa ba zan ba ka ba, don kada yaranmu su dawo gida suna cewa “matana ya zo”. Ka shirya darasinka kafin Asabar, kuma in za ka taho Rano ka riƙo kuɗin shara na bana, har da na bara da ka maƙale.