Allah Ya Ja Zamanin Maki Ɗari

Duk wanda ya taɓa shiga tiken Mubi ranar da kasuwa ta cika ya ga irin ƙauyancin da har yau bai saki mutanenmu ba. Mutum zai zo sayen sa guda ɗaya tak, sai ya ɓatar da rabin yini. Ya buɗe masa baki ya duba haƙora, ya lallatsa tozo, ya ɗaga kofato, ya sa yaro ya kora shi don ya ga tafiyarsa, ya tambaya ko daga Kamaru aka koro shi ko daga Chadi, sannan ya ja dillali gefe su yi ta ƙus-ƙus kamar masu neman aure. Duk a kan dabbar da tirela za ta kwasa zuwa kudu a yanka kafin mako ya zagayo. Tausayi suke ba ni. Da sun yi boko mai zurfi, da sun san manyanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, sun daɗe da gano hanyar zaɓe wadda ba ta da wannan wahala, kuma don tsabar ƙarfin hali, a kan wanda za a damƙa wa 'ya'yanmu suka fara gwada ta.

Ina nufin maki ɗari, gwarzon makuna, zaure mara ƙyaure, inuwar da ba ta korar kowa, uban marayun jarrabawa. Duk shekara hukumar JAMB kan tara shugabannin manyan makarantu a yanke mafi ƙarancin makin shiga. Na jami'a ba shi da natsuwa, 140 ne a 2024, ya koma 150 a 2025. Na kwalejojin ilimi kuwa, inda ake ƙera malaman firamare a ba su takardar NCE, a duka shekarun biyu ya tsaya daram a kan 100 cikin 400, kamar duwatsun Mandara da ke gabas da gari, rani da damina bai gusa ba. A kuma lura da zurfin hikimar. Kowace tambaya a jarrabawar nan da amsoshi huɗu take zuwa, ɗaya ce daidai. Wanda ya shiga ɗakin kwamfuta ya yi bisimilla, ya rufe ido ya yi ta dannawa, lissafi ya nuna zai iya tashi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. An aza mizanin ne daidai inda canki-canka yake tsayawa, don kada a zalunci mai sa'a a fifita mai karatu a kansa. Wace ƙasa ce ta kai mu adalci?

Albarkacin wannan rahama babu gidan da ke yanke ƙauna. Yaro ya nemi likitanci an hana shi, ya nemi karatun lauya an ce ya dawo baɗi, ya nemi aikin kwastan ba shi da kowa a sama, sai kawunsa ya kira shi bayan magariba ya ce, "To ɗan nan, ko NCE ɗin nan ce ka je ka yi mana, ai ta fi zaman kashe wando." Da wannan kira mai ratsa zuciya ake shiga sana'ar annabawa. A can Finlan, an ce sai mutum ya yi digiri na biyu kafin a bar shi ya tsaya gaban 'yan firamare, kuma mafi yawan masu neman gurbin ana mayar da su gida. Rowa ce kawai irin ta mutanen ƙasar sanyi.

Mu ma fa mun taɓa yin wannan kuskure, sai dai Allah ya fisshe mu. Da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, sai a bi larduna a tsinto yaran da suka fi kowa ƙwaƙwalwa, a tsare su shekara biyar cur, wai don kawai su koma su riƙe alli. Dubi abin da ya biyo baya. Ahmadu Bello ya fito ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a ta Bauchi, Aminu Kano da ya biyo sahu ta Kwalejin Kaduna har ƙungiyar malaman Arewa ya tayar, kuma kafin Bature ya farga malaman makaranta sun karɓe ƙasar daga hannunsa. Wane mai mulki ne mai hankali zai ga wannan ya sake haɗa alli da kaifin basira a hannu ɗaya? Sai aka gyara. Aka kawo shirin ilimin firamare na kowa da kowa a 1976, aka toya malamai cikin gaggawa kamar ƙosan safe. Daga baya aka rufe kwalejojin horon malamai masu ba da takarda mai daraja ta biyu, waɗanda suka ɓata wa yara ƙuruciya da koyon rubutu a allo da tsara darasi da tsayuwa gaban aji, aka ce daga yau NCE ce mafi ƙanƙantar shaida. Takarda ta ƙara girma, kuma girman takarda shi ne abin nema.

Ba a bar malamin da za a ƙera cikin maraici ba. Yana da Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna tun 1976, yana da hukumar kula da kwalejojin ilimi tun 1989, yana da majalisar yi wa malamai rajista tun 1993, ga hukumar ilimin bai-ɗaya a Abuja da ƙannenta a kowace jiha, kowacce da shugaba, da motar shugaba, da taron bita a otal mai sanyi. Akwai makarantun ƙauye da yawan hukumomin da ke kula da su ya fi yawan allin da ke ofishin hedimasta. Ɗan Mubi kuma bai rasa wurin zuwa ba: ga kwalejin Hong nan a kan hanya, ga ta Yola a gaba, ga kwalejoji masu zaman kansu da ke tsirowa a faɗin ƙasa kamar naman kaza bayan ruwan farko.

Karatun kansa abin a tsaya a yi kallo ne. Ɗalibi zai haddace matakai huɗu na girman tunanin yaro kamar yadda Piaget ya tsara su, ya san ranar da karen Pavlov ya fara dalalar da miyau, ya zubo su a takardar jarrabawa ba ɗigo ba ragi, kamar yadda suka zo a handawut ɗin da ya saya da kuɗinsa, domin ilimin da ba a saya ba ba ya zama a ka. Abin da ba a wulaƙanta shi da shi ba shi ne ƙananan abubuwa, irin su yadda za a yi yarinya 'yar shekara shida ta haɗa baƙi da wasali ta karanta sunanta. Wannan aikin ƙasƙanci ne, masani ba ya sunkuyawa.

Da idona na ga ɗaukakar aikin koyarwa na gwaji. Ɗiyar yayata, da ke karatu a wata kwaleji, aka tura ta wata firamare. Ranar farko malamin ajin, mutum mai karamci, ya miƙa mata alli da rajista da yara cike da ɗaki har bakin taga, ya ce, "Malama, ga amanarki," ya tafi ya hau kekensa mai ƙafa uku yana ɗaukar fasinja, don kada zamansa a aji ya takura mata. Mai duba ta daga kwaleji sau ɗaya ya zo. Waliyyin Allah, mai gani har hanji, wanda minti goma suka ishe shi ya auna abin da wani zai yi wata uku bai gano ba! Ya duba littafin tsara darasi ya ga an ja layi da jan biro, ya sa hannu, ya sha lemo, ya yi mata fatan alheri. Ta samu maki mai kyau ƙwarai. Yaran ma sun samu lada.

Yaran nan kuwa da Gude da Fali da Fulatanci da Margi da Higi da Hausa suke zuwa daga gida. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa. A Nuwamban 2025 ta ce a'a, a koma Turanci. Malamin Mubi, da yake an tsare shi daga cikakken shiri a kan ko wanne, bai yi asarar komai ba a duka juyin biyu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Sai kuma ranar girbi. A 2017 gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta ba malaman firamaren Kaduna kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa kai makin da aka yanka, aka sallame su. A 2022 maƙwabtanmu na Barno suka auna malamai 17,229, aka samu 5,439 da suka cancanta, aka ce 3,815 ko horo ba zai kama su ba. Nan ne adalcinmu ya kai ƙololuwa. Tukunya ta yi yoyo, sai a fasa tukunya a bainar jama'a, a nuna tsingaronta a talabijin, a bar magini da mai sayen kaya da mai sa hannu a takardar ɗaukar aiki cikin mutuncinsu. Har ƙarin girma magini ya samu, domin dokar 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri da kansu.

Wanda ya tsira daga fasawa kuma ba a manta da shi ba. Ranar Malamai ta Duniya a 2020 Shugaba Buhari ya yi albishir da tsarin albashi na musamman, alƙawari mai ƙoshin lafiya wanda har yau yana nan sabo fil, ƙungiyar malamai na kakkaɓe masa ƙura duk watan Oktoba. Wanda aka gaggauta mayarwa doka a 2022 shi ne ƙarin shekarun aiki, daga 35 zuwa 40, ritaya daga shekara 60 zuwa 65. An ga mutum yana jin daɗi, aka ƙara masa shekara biyar a ciki. Sauran ladan yana ajiye a lahira, inda tsadar masara ba ta kaiwa.

A ƙarshen Oktoban 2014 masu ƙin boko suka shigo Mubi da bindigogi, suka sauya masa suna, makarantu suka watse, malamai suka bi duwatsu da iyalansu. Zuwa 2015 an ƙirga malamai 611 da aka kashe a rikicin, wasu 19,000 suka bar gidajensu. Jahilci ne ya sa su wannan wahala ta harsashi da wuta. Ba su san akwai hanyar da ake raba yaro da karatu cikin ruwan sanyi ba, yana sanye da yunifom, ana kaɗa masa ƙararrawa, a ƙarshe har a ba shi takardar kammalawa.

Abin da ya fi sa ni hawaye shi ne sadaukarwar masu tsara wannan alheri. Ba su taɓa yi wa talaka cunkoso a kansa ba. Nasu 'ya'yan suna can suna haƙuri da makarantun kuɗi na Abuja da Ingila, an bar wa ɗan manomin Gella da ɗan mai shayin Lokuwa gundarin abin su ci su kaɗai.

Kwanan baya na koma tike don in raba wa jama'a wannan haske. Na samu wani dattijon dillali na ce, "Baba, me zai hana ku huta? A riƙa liƙa wa kowane sa takarda mai hatimi, wanda ya cika kashi ɗaya cikin huɗu na lafiya a loda shi." Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya tofar da tuƙar goro, ya ce, "Malam, kuɗin mutane ne fa." Sannan ya juya, bawan Allah da bai yi makaranta ba, ya sake buɗe bakin bijimin yana duba haƙora.