Alhamis Ba Karatu: Baƙin Kona Sun Fita Kallo

Duk wanda ya tashi a Limancin Kona ya saba da baƙon ɗalibi. Unguwar malamai ce tun kaka da kakanni, limaminta ma yana cikin masu zaɓen Sarkin Zazzau, don haka zaurukanmu ba sa rabo da masu neman ilimi: wannan daga Maraɗi, wancan daga Garwa ta Kamaru, wani daga Zangon Kumasi. Ranar Alhamis ake ajiye Risala da Muhtasar, sai Malam ya dubi ɗan gida ya ce, "Kai su su ga gari." Ni aka fi ɗora wa wannan kaya. Hanyar kullum ɗaya ce: fada, masallacin Juma'a, ganuwa, bayan la'asar mu hau mota a Ƙofar Doka zuwa Samaru kallon wasan kwaikwayo. Mutanen ma kusan ɗaya ne, sunaye kawai ke sauyawa.

Ba a rasa Mai A-garinmu. Ka shigar da shi tsohon masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, ka nuna masa bakan gizon da aka ɗaure da azara da ƙasa, wanda magina ke zuwa daga nesa su tsaya su riƙe baki. Sai ya ɗaga kai, ya taɓe baki, ya ce, "Akwai irinsa a garinmu, sai dai namu ya ɗan fi faɗi." In mutumin Agadas ne nakan yi shiru, don hasumiyarsu ba abin musu ba ce. Amma na taɓa jin wannan magana daga bakin wanda garinsu ko kasuwa ba ta ci.

Kusa da shi akwai Masani, wanda ya karanta shafi biyu daren jiya ya wayi gari yana gyara wa jikokin gari tarihinsu. Da mun hau ganuwa aka hango Dutsen Kufena, ya karɓe magana: Amina 'yar Bakwa Turunku, yaƙe-yaƙenta, garuruwan da ta kewaye da ganuwa, har da launin dokinta, kamar shi ya riƙe mata linzami. Wanda na fi jin daɗinsa cikin irinsu ɗan Kumasi ne, da ya ce, "Amina ya ci gari da yawa." Wani Bakano ya fashe da dariya, mu kuwa Zagezagi ko gezau, don mu ma haka kakanninmu ke faɗa. Ranar ya sami 'yan'uwa a birni.

Mai Hoto shi bai ga Zariya ba sam, ƙeyarsa ce ta gani. Kowane abu sai ya juya masa baya ya ɗaga waya. Ƙofar fada da zanenta na fitowa ta bayan kunnensa, kamar ita ta roƙi a ɗauke ta da shi.

Sai Mai Lissafi. Ko ƙosai aka ce naira kaza, sai ya tsaya ya mayar da kuɗin sefa, ya sake mayar da shi naira, ya gano an cuce shi ko ya ci riba, alhali ni na biya. Daga Tudun Wada har Kwangila yana ƙidaya da yatsu. Shi ne ya taɓa nuna wani dattijo mai riƙe da littattafai a bakin ƙofar jami'a ya tambaye ni, "Wannan mushe ne?" Saura kaɗan a yi rigima kafin in bayyana cewa a Nijar malamin boko ake kira haka, ba abin da ungulu ke sauka a kai ba.

Amma sarkinsu duka Mai Tsantseni ne, kuma ba a gane shi sosai sai an isa Samaru. Tun a mota yake jan carbi yana cewa shi dai rakiya ya yi. Gidan wasan na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda aka gina a tsakiyar shekarun 1970, ginin ƙasa ne irin namu: ɗakuna kewaye da fili, sama a buɗe, 'yan kallo dab da 'yan wasa har kana jin numfashinsu. Wannan ya fara ruɗa shi, don ya zo da shirin ƙyamar wani abu na Turawa, sai ya tarar da tsakar gidan kakarsa. Ya zauna can baya, ya juya gefe, ya rufe rabin fuska da rawani. Da aka buga ganga, ƙafarsa ta fara motsi ba da izininsa ba. Da mugun mijin cikin wasan ya ɗaga hannu zai mari matarsa, wa za a ji ya miƙe yana cewa, "Kai, ka ji tsoron Allah!" Sai da na ja masa riga. Ya zauna yana istigfari, amma ya matso layi biyu gaba.

A gefensa Tafinta na aiki. Turancinsa bai wuce na karanta allon kanti ba, duk da haka ba jimlar da ke wuce shi. In 'yan wasa sun yi magana mai tsawo, ya ce, "Gaisawa suke yi." In mutane sun yi dariya, ya yi tasa daga baya, ya ce wannan ba ta fassaruwa. Mai Barci kuwa ya biya kuɗin shiga ya yi minshari, aka tashi ya ce wasan ya yi gajarta.

Ranar Asabar da aka koma zaure, Malam ya tambaye su abin da suka gani. Mai Tsantseni ya riga kowa: "Allah gafarta Malam, mun ga masallaci, mun ga ganuwa, mun yi wa magabata addu'a." Malam ya sa albarka, aka buɗe littafi. Ana cikin biya wa wani, sai na ji an taɓa ni da gwiwar hannu.

"Yaya," ya ce ƙasa-ƙasa, idonsa na kan Risala, "matar nan, daga ƙarshe ta koma ɗakinta kuwa, ko Tafinta ne ya ƙara?"